Takardar awon bakin mahaifa ta fito da matsala: abin yi tun daga ranar farko

'Yar'uwa, idan kin je awon bakin mahaifa, ko a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku a Yamai, ko a asibitin mata na Tahoua, ko a irin gangamin da ake yi duk watan Oktoba, sai ma'aikaciya ta ɗago kai ta ce ta ga wani ɗan abu, ko ta rubuta positif a karnenki, wato ɗan littafin asibitinki, na san abin da ya faɗo miki a rai. Ciwon daji. Daga nan kunne ya toshe, duk bayanin da ya biyo baya ba ki ji ko ɗaya ba. To ki natsu ki ji wannan: mafi yawan matan da ake yi wa irin wannan magana ba su da ciwon daji. Tun asali an ƙirƙiro awon ne don a kama canjin da ke riga ciwon zuwa da shekaru masu yawa, lokacin da aikin 'yan mintuna ke kawar da shi.

Ni wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce macen da za ta ninke takardar ta cusa ƙasan akwati, ta ce ba ta komawa, gara ta zauna ba ta sani ba. Ita ce ke cikin haɗari na gaske. Saboda ita na zauna na tsara abubuwan nan bi da bi.

Mataki na farko: ki san wane awo aka yi miki

Awon iri uku ne, kuma positif ɗin kowanne da abin da yake nufi. Da Faransanci ake rubuta takardunmu, don haka ki buɗe karnen ki duba, ko ki ba wanda kika amince da shi ya karanta miki.

In kin ga IVA ko IVL, wannan shi ne awon da aka fi yi a wajenmu. Ma'aikaciya takan shafa wa bakin mahaifa ruwan tsami irin na binegar, ta jira minti guda, ta haska fitila. Wurin da fata ta canza yakan yi fari. A IVL kuma ruwan aidin ake shafawa: lafiyayyar fata ta yi duhu, wadda ta canza ta tsaya ruwan ɗorawa. Ido ne ke aiki a nan, ido kuwa yakan ga fari a inda kumburi ne kawai, ko ciwon sanyi, ko wani rauni da ke warkewa. Saboda haka IVA positif na nufin akwai wurin da ke son a kula da shi. In ma'aikaciya na zargin ciwon ne da kansa, wata kalma daban take rubutawa, suspect ko suspicion de cancer. Ko ita ɗin ma zargi ce, ba ta tabbata sai an ɗebi nama an duba.

In kin ga HPV positif, ma'anarsa an samu ƙwayar cutar HPV a jikinki a yanzu. Bai ce fatarki ta canza ba tukuna. Shi ya sa ake bin sa da wani duban.

In kuwa frottis ne, wato an shafo ƙwayoyin fatar bakin mahaifa an duba su a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji, za ki ga ɗaya daga cikin waɗannan. ASC-US, canji ne ɗan kaɗan wanda mai duba bai iya tantance shi ba. Bas grade ko LSIL, canji ne na sama-sama, kuma mafi yawansa da kansa yake gushewa. Haut grade ko HSIL, canji ne da ya fi zurfi, wanda ba a barin sa ba magani. Duka ukun ba ciwon daji ba ne.

Mataki na biyu: ki fahimci yadda abin ke tafiya, tsoro zai ragu

Kusan duk ciwon daji na bakin mahaifa daga HPV yake tasowa. Ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kusan duk wanda ya taɓa kwanciyar aure, mace ko namiji, zai gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsa. A cikin mutum 10 da suka ɗauka, kusan 9 garkuwar jikinsu ke share ta cikin shekara 2, ba su ma san ta shiga ba. Iri-irinta sun haura 200, amma 'yan kaɗan ne masu haɗari. Biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo.

Matsala na farawa ne idan ƙwayar ta ƙi tafiya, ta zauna shekara da shekaru tana canza fatar bakin mahaifa sannu a hankali. Ga mace mai ƙarfin garkuwa, daga fara canjin zuwa ciwon daji yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga wadda garkuwarta ta yi rauni, kamar mai ɗauke da sida da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 ne. Duk wadda ta zauna gidan ƙasa ta san tsagar katanga: in an gan ta tun da rani, laka kaɗan ke yaɓe ta, in an bar ta damina bayan damina sai bango ya zube. Awon nan tsagar yake nema.

Likitoci sun raba canjin gida uku, kuma za ki ga sunayen a takardar nama idan an ɗeba: CIN1, CIN2, CIN3. Na farko yawanci kan koma daidai da kansa, shi ya sa wani lokaci likita ke cewa a dai sa ido. Na biyu da na uku ana yi musu magani. Akwai abin da ya faru a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan wanda ya nuna wa duniya bambancin da magani ke yi. Tsakanin 1965 da 1974 an bar wasu mata masu CIN3 ba a yi musu magani ba, abin da daga baya ya zama babban abin kunya ga aikin likita a ƙasar. Da aka bi diddigin su, sai aka ga kusan kashi 1 cikin 3 na waɗanda aka bari sun kamu da ciwon daji cikin shekara 30. Waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata kuwa, ko 1 cikin 100 ba su kai ba. Ki dubi wannan da kyau. Ko mataki mafi zurfi ma, in an yi masa magani, kusan an rufe ƙofa ke nan.

To me ya sa ciwon ke kashe mata haka? A 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da shi a duniya, kusan 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ne. A Nijar shi ne na biyu a cikin ciwon daji na mata, bayan na nono. Dalili shi ne yawancin matanmu ba a taɓa yi musu awo ba, sai jini ya ƙi tsayawa, wari ya fito, sannan a ɗauko su zuwa asibiti. Wadda kika sani ta rasu da ciwon nan, wataƙila ta wannan hanya ta bi. Ke ta wata hanya kika shigo, da ƙafarki, kina da lafiyarki.

Mataki na uku: ki koma da tambayoyinki

In kin fito ranar farko ba ki tambayi komai ba, ba komai, ki koma. Ki tafi da mutum guda, yayarki ko ƙawar da ke riƙe sirri, domin mai hankali kwance ya fi riƙe magana. Ki ce wa ma'aikaciya: "Madam, don Allah ki sake yi mini bayani da Hausa, rannan hankalina ya tashi ban gane ba." A Yamai in kin dace da wadda ta fi jin Zabarmanci, ki roƙi a kira mai fassara, kada kunya ta sa ki gyaɗa kai a kan abin da ba ki fahimta ba.

Ki tambaya wane awo aka yi, me aka gani. Za a iya yin maganin a nan, ko sai an tura ki? In turawa ce, ina, wace rana, wane ɗaki? Me ke kyauta, me za ki biya? In akwai sakamakon da za ki jira, yaushe zai fito, wa za ki nema? Ki bar lambar wayar da ke hannunki kullum, sannan ki ɗauki hoton kowace takarda da waya, don takarda kan ɓata.

Ke ma akwai abin da ya kamata ki faɗa ba sai an tambaye ki ba: in kina da ciki ko al'ada ta yi jinkiri, in kina shan maganin sida, in kina ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke miki gaba ɗaya. Waɗannan suna canza shawarar likita, kuma mai irin wannan jini ba ta jiran layi mai tsawo.

Mataki na huɗu: maganar maigida

Nan ne mata da yawa ke tsayawa, kuma ina ganin nan ne ya fi cancanta a daɗe. A gidajenmu mace na bukatar izinin fita da kuɗin taksi, bayan magani kuma akwai wata guda na haƙuri da shimfiɗa. Ɓoye wa miji yakan ƙare ne da fasa komawa asibiti. Amma da an ce ta saduwa ake ɗauka, sai zargi ya shigo: ita ta dubi mijin, shi ya dube ta.

Ga gaskiyar da za ta kashe wannan wuta. Ƙwayar HPV na iya kwanciya a jiki shekaru da dama ba alama, sannan ta bayyana. Babu gwajin da ke nuna yaushe aka ɗauke ta ko daga wa. Mace wadda ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta na iya samun ta. Miji na iya ɗauko ta daga auren da ya yi ya rabu tun kafin ya san ki, ke ma haka in kin taɓa aure. Wannan sakamako ba shaida ba ce a kan kowa, kuma duk wanda ya rushe aure saboda shi ya yi zalunci. Ba a yi wa maza awonta kamar yadda ake yi wa mata, ba kuma wata ƙwayar magani da za a ba shi ya sha ta kashe ta. Ba ta bin kwanon abinci, ba ta bin wanki, kuma ba abin da zai hana ki rungumar 'ya'yanki.

Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ba a gaban yara ba. Kina iya cewa: "Malam, na je awon nan da ake yi wa mata. Sun ga ɗan canji a bakin mahaifa, irin wanda ake magancewa tun bai zama ciwo ba. Sun ce in koma ranar Talata. Ina so ka raka ni ka ji da kunnenka." Maza da yawa sun fi yarda idan likita ne ya yi musu bayani, musamman maganar wata gudan nan.

Kai kuma maigida, in wannan rubutu ya zo hannunka: matarka ta yi abin da ya dace da ta je awo. Ka biya mata abin hawa, ka zauna a benci ka jira ta, ka yi haƙurin wata guda. In kana da wata matar, ita ma ta je a duba ta.

Batun kishiya kuwa, ke kika san gidanki. In zaman lafiya kuke yi, ki ce: "Yaya, na je awo an ga ɗan abu an gyara, ke ma ki daure ki je." In kin san za a mayar da shi gori, ba dole sai kin fallasa kanki ba, ki sa maigida ya tura kowa awo a matsayin abin da ya kamata duk matan gida su yi. Ba kowa za ki gaya wa ba. Mutum ɗaya ko biyu sun isa. Labari in ya shiga gidan biki, kafin yamma an mayar da ke mai ciwon ajali, kuma masu zuwa jaje su ne za su ƙara miki tsoro.

Mataki na biyar: duba na biyu, da kwanakin jira

Wani lokaci a ranar da aka ga farin wurin ake ba ki magani nan take, ba tare da an ɗebi nama ba. Kada wannan ya firgita ki ki ce abin ya yi tsanani ne. Tsari ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, don kada macen da ta taso daga Keita ko Buza ko Illela ta koma gida ta kasa dawowa.

Wani lokaci kuma a tura ki kolposkopi. A Yamai manyan matsalolin mata sukan ƙare a Maternité Issaka Gazoby, a jihar Tahoua kuma a cibiyar lafiyar uwa da yaro, wato CSME. Kwanciya iri ɗaya ce da ta awon farko, sai dai likita na dubawa ta wani madubi mai ƙara girma wanda ke tsayawa a waje, ba ya shiga jiki. In ya ga wurin da yake shakka, sai ya tsinko ɗan mitsitsin nama a kai ɗakin gwaji. Shi ake kira biyofsi. Za ki ji kamar an mintsine ki, ki ga ɗigon jini na kwana kaɗan. Ana yawan cewa in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya fantsama cikin jiki. Ba haka ba ne. Abin da ya sa mutane suka yarda da zancen shi ne ana kai marasa lafiya a makare, a ɗebi nama, su rasu ba da jimawa ba, sai a ɗora wa ƙarfen laifin jinkiri.

Sakamakon nama yakan ɗauki makonni, kuma waɗannan makonni su ne mafi nauyi. Da rana hidimar gida na ɗauke hankali, da dare sai tunani ya taso: wa zai riƙe mini yara? Wannan tsoro ba raunin imani ba ne, kowace uwa za ta ji shi. Ga abin da na ga yana taimakawa.

Ki rubuta ranar komawa a inda za ki riƙa gani. Zuciya ta fi samun sauƙi idan ta san iyakar jira. In ranar ta zo sakamako bai fito ba, ki sake komawa, jinkirin ɗakin gwaji ba ya nufin labari mara daɗi. Ki daina bincike a waya cikin dare. Hotunan da za ki gani a intanet na ciwon da ya ci jiki ne, ba su da alaƙa da halin da kike ciki. Ki kuma sani cewa canjin da ake magana a kai ba ya ciwo, ba ya ba da wata alama. Ciwon bayan da kika tashi da shi, ko ciwon kai, ko faɗuwar gaba, aikin gida ne da rashin barci, kada ki lissafa su cikin ciwon daji. In gaba ya faɗi, ki zauna, ki ja numfashi a hankali ta hanci, ki sake shi a hankali ta baki, ki maimaita har ƙirji ya saki. Ki ci abinci, ki ci gaba da sana'arki, ki je islamiyya yadda kika saba.

Ki riƙe addu'a da ƙarfi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani. Zuwa asibiti na cikin neman wannan magani, ba ya karo da tawakkali. In kuwa mako biyu suka wuce ba kya barci, ba kya cin abinci, kuka ya ƙi tsayawa, ko kin fara jin gara mutuwa, ki gaya wa likita wannan ma. Shi ma ciwo ne mai magani.

Sai wani abu da ba zan yi shiru a kai ba. Da an ji kina da matsalar mahaifa, za a kawo miki garin magani, da na matsi, da na tsuguno, da lambar mai maganin da ke warkar da komai. Don Allah kada ki cusa komai a gabanki. Alif, kanwa, saiwa, duk suna ƙona fatar da ake son ta warke, su kuma rikita abin da likita zai gani. Ƙwayoyin maganin sanyi na kan tebur ma ba sa taɓa HPV. Babbar ɓarnar waɗannan abubuwa ita ce cinye watanni da kuɗin da ya kamata su kai ki asibiti.

Mataki na shida: maganin kansa

Mata da yawa na ƙin komawa don sun ji an ce cire mahaifa za a yi. A wannan mataki ba a cire mahaifa. Fatar da ta canza kawai ake kawarwa, kuma ta hanya uku ake yi.

Akwai ƙonawa, wadda za ki ga an rubuta thermocoagulation. Ana ɗora kan wani ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 a wurin na daƙiƙa 20 zuwa 30, a maimaita in wurin na da faɗi. Jin sunan ya fi aikin ban tsoro. Yawancin mata murɗar mara kawai suke ji irin ta al'ada, ba a sa barci, kuma da ƙafarki za ki fita. Akwai daskarewa da iskar gas mai sanyi, cryothérapie: minti 3 ana daskarewa, a huta minti 5, a sake minti 3. In wurin ya yi faɗi ko ya shige ciki, sai a yi allurar kashe zafi a bakin mahaifa a yanke shi da wata 'yar siririyar waya mai aiki da lantarki, abin da ake rubutawa RAD ko LEEP, a kai abin da aka yanko ɗakin gwaji. Kusan mata 9 cikin 10 magani sau ɗaya ke isar su.

Bayan magani za ki ga ruwa na zuba, wani lokaci da ɗan jini, har zuwa wata guda. Warkewa ce, ki sa ƙunzugu mai tsabta. Cikin wannan wata ba saduwa, ba cusa komai, ba wanke ciki da yatsa ko ruwan magani, tsarki daga waje ya wadatar. In haƙuri ya gagara, a yi amfani da kwaroron roba, amma haƙurin ya fi. Wannan ruwa da jini ba haila ba ne, kuma a shari'a abin da ba haila ba ba ya hana salla. Ki tambayi malamarku yadda za ki yi da alwala.

Ki koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba in kin ji zazzaɓi da rawar sanyi, ko ciwon mara mai tsanani, ko ruwan ya koma mai wari kamar mugunya, ko jini ya fi na al'ada yawa, ko yana fita da gudaji.

Maganar haihuwa: ƙonawa da daskarewa ba sa hana ɗaukar ciki. Yankan waya ma ba ya hanawa, sai dai yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwa kafin lokaci, don haka duk cikin da kika samu nan gaba ki gaya wa masu awon ciki an taɓa yi miki. In kuma kina da ciki yanzu, ana iya duba ki ba tare da an taɓa cikin ba, magani kuma yawanci sai bayan kin haihu.

In ba ki san matsayinki game da sida ba, ki yi gwaji yanzu. Mata masu ɗauke da ita sun ninka sauran sau 6 wajen haɗarin wannan ciwo, kuma shan maganinta kullum na ƙarfafa garkuwar da ke yaƙar HPV. Mai shan taba ko shisha ta daina, hayaƙin na taimaka wa ƙwayar zama.

In sakamako ya ce ciwon daji ne

Ga mata kaɗan haka zai kasance, kuma ba zan ɓoye ba. Amma wanda aka kama ta hanyar awo yawanci yana farkonsa, kuma na bakin mahaifa na cikin waɗanda suka fi jin magani idan an same shi da wuri. A Amurka, matan da aka gano nasu tun bai wuce bakin mahaifa ba, kusan 9 cikin 10 suna raye bayan shekara 5.

Za a yi hotuna a san inda ya kai. In yana farko, tiyata ce. In ya ɗan matsa, gashi ne da na'ura, wato haska wurin da wani haske mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin ciwon, haɗe da maganin da ake sawa ta jijiya. A da sai an fitar da mara lafiya ƙasar waje kafin a samu gashin. Tun 2021 aka buɗe sashensa a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, CNLC, a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Haka nan tun 2007 gwamnati ta fitar da dokar da ta mayar da kula da ciwon daji na mata kyauta a asibitocin gwamnati. Ki tambayi ofishin taimakon jama'a na asibitin abin da dokar ta ɗauke miki, amma dangi su tanadi 'yan jikkuna na mota, abinci da abin da ka iya tasowa.

Ga mai tasowa daga Tahoua, tafiyar ta haura kilomita 500, ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Kada ki hau mota sai da takardar turawa, da sakamakon nama, da duk hotunan da aka yi. A nemi masauki tun kafin a taso, domin gashi kan ɗauki makonni ana zuwa kusan kullum, kuma yanke shi a tsakiya na rage amfaninsa. A samu mai jinya guda da za ta zauna, a kuma tsara wanda zai riƙe yara a gida, don uwa ba ta iya zama a Yamai in hankalinta na Tahoua.

Bayan shekara

Wadda aka yi wa ƙonawa, daskarewa ko yanka, za ta koma awo bayan wata 12, ko da tana jin garau. A nan ake gane 'yan kaɗan ɗin da canjin ya dawo musu, a sake yi musu magani. Ki ɗaura ranar da abin da ba kya mantawa: in bayan ƙaramar salla aka yi miki, to ƙaramar salla mai zuwa in ta wuce ki shirya. Wadda aka samu HPV a jikinta amma fata ba ta canza ba, za a ce ta dawo bayan shekara 1 ko 2, ta bi abin da aka rubuta mata.

In komai ya koma daidai, sai ki shiga layin kowa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara awo daga shekara 30, a maimaita duk shekara 3 in IVA ne ko frottis, duk shekara 5 zuwa 10 in gwajin HPV ne. Mai ɗauke da sida ta fara daga 25, kuma nata ya fi kusa-kusa. Ranar da kika koma, ki tambayi ma'aikaciya maganar allurar rigakafin HPV saboda 'yan matanki masu shekara 9 zuwa 14, tun kafin a fara zancen aurensu. Tun 2022 hukumar ta ce allura ɗaya ma na ba da kariya mai ƙarfi a waɗannan shekaru. Ki tafi da ƙanwarki ko maƙwabciyar da ta haura 30 ba a taɓa duba ta ba, tunda ke yanzu kin san ɗakin, kin san abin da ake yi a ciki.